Haɗa A-kori-kurar Daji da Kayan Motar Yanka: Misali daga Land Cruiser 80

Tsakure

Wannan takarda ta duba yadda ake haɗa a-kori-kura mai shiga daji ta hanyar ciro kaya daga motar da ta tashi aiki, irin wadda kanikawa ke cewa an yanka. An ɗauki Land Cruiser samfurin 80 a matsayin misali, an kwatanta ta da Hilux da samfurin 79 inda kwatancen zai yi amfani. Hujjar takardar ita ce kayan mota dangi ne, an lissafa kowanne da ɗan'uwansa tun daga masana'anta, saboda haka wanda ya sayi motar yanka guda ɗaya ya kwashe kayanta a haɗe ya fi wanda ya yi tsince-tsince a kasuwa samun mota mai lafiya. Takardar ta kuma nuna cewa inji, wanda mai kuɗi ke fara tambaya a kansa, bai kai shasi da aksil da birki da sitiyari yanke hukunci ba.

Gabatarwa



Duk wanda ya taɓa shiga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ya san yadda ake yi wa mota idan kwananta ya ƙare. Da safe a jawo ta, kafin la'asar an raba ta kamar naman layya: inji gefe, giyabos gefe, ƙofofi a jingine da bango, wayoyi a dunƙule cikin buhu. Haka abin yake a Ladipo ta Legas da Suame ta Kumasi. Wannan ciniki shi ne ke riƙe da mafi yawan tsofaffin motocin da ke kan hanyoyinmu, kuma daga cikinsa ne wata sana'a ta fito, wato haɗa mota guda daga gawarwakin motoci biyu ko uku.

Buƙatar a fili take. Mai kai magani ƙauyukan Yusufari yana fama da rairayi. Mai kwaso kifi ko albasa daga bakin Tafkin Chadi yana fama da firgi, baƙar ƙasar nan da ke zama kamar sabulu da damina. Mai hawa tsaunin Mambila zuwa Gembu abin da ke gabansa hawa ne da gangara. Dukkansu suna son mota mai ja da ƙafa huɗu, mai buɗaɗɗen baya, wadda bakaniken ƙauye zai iya kwancewa da sifana. Sabuwar Land Cruiser 79 ta cika waɗannan sharuɗɗa, sai dai kuɗinta ya fi ƙarfin yawancin masu buƙatarta. Masu shekaru za su tuna lokacin da a-kori-kurar Peugeot 404 da 504 ke wannan aiki, tun bayan da kamfanin PAN ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975. Waɗancan motoci da ƙafar baya kawai suke ja, amma sun koya wa kanikawanmu cewa mota abar kwancewa ce a sake ɗaurawa.

Kayan mota dangi ne

Akwai hanya biyu da na ga ana bi. Ta farko, mutum ya sayi inji yau, wata mai zuwa ya samu giyabos a wani shago, bayan sallah ya ci karo da aksil mai araha. Ta biyu, ya nemi mota guda da ta yi hatsari ko bodinta ya ruɓe amma ƙasanta na nan, ya saye ta ɗungurungum, ya ajiye ta kusa da wadda ake ginawa har aiki ya ƙare. Ta farko ta fi sauƙi ga aljihu a kowane mako. Ta biyu ta fi sauƙi idan aka tara lissafi a ƙarshe, kuma dalilin yana cikin ƙananan abubuwa.

Manyan kaya ba su cika ba da wahala ba, domin kowa ya san sunansu da farashinsu. Abin da ke tsayar da aiki wata guda shi ne ƙarfen da ke riƙe famfon sitiyari, ko tiyon da ya lanƙwasa daidai da wuyan lagireto, ko soket mai baki takwas da ba a sayar da shi shi kaɗai, ko notin da zarensa ya bambanta da na kasuwa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Motar yanka da ke tsaye a gareji tana ba da duk waɗannan kyauta, tana kuma ba da abin da ya fi su, wato misali. Idan yaron gareji ya manta ta inda bututun birki ya bi, sai ya leƙa ƙarƙashinta ya gani.

Ko a cikin gida ɗaya, wato Toyota, ba kowane kaya ke shiga ɗan'uwansa ba. Hilux da Land Cruiser 80 da tsohuwar 75 duk kusoshi shida ne a ƙafarsu, a kan da'ira mai faɗin milimita 139.7. Samfurin 79 da ya fito a 1999, da samfurin 105, kusoshi biyar ne a kan milimita 150. Wanda ya ɗaura aksil ɗin 79 a baya ya bar na 80 a gaba ya haɗa motar da ke buƙatar safaya iri biyu, kuma ba zai gane haka ba sai ranar da taya ta fashe masa tsakanin Gaidam da Kanamma. Haka nan tulun aksil ɗin baya na Hilux a tsakiya yake, na dangin Land Cruiser 70, wato irin su 75 da 79, kuwa ya karkata dama, domin ya yi daidai da bakin akwatin ogzilarinta, wato akwatin da ke raba ƙarfi zuwa gaba da baya. Idan aka gauraya su, farfela za ta tafi a karkace, ta riƙa cin kuros tana girgiza mota.

Me ya sa samfurin 80

Toyota ta yi samfurin 80 daga 1990 zuwa 1997. Mota ce mai rufaffen baya, ta iyali da manyan ma'aikata, amma abin da ke ƙarƙashinta na aikin ƙarfi ne: shasi mai zaman kansa kamar tsani, miƙaƙƙen aksil gaba da baya, nannaɗaɗɗen sifirin a ƙafa huɗu. Wasu sun zo da makullin aksil na gaba da na baya tun daga masana'anta. Injinanta sun haɗa da 1HZ mai shan gas, silinda shida, lita 4.2, da ɗan'uwansa 1HD-T mai turbo, da 1FZ mai shan fetur, lita 4.5. Da yawa daga cikin waɗannan motoci sun shigo ƙasashenmu ta hannun hukumomi da ƙungiyoyin agaji, kuma yanzu sun kai shekarun da bodi ke gajiya alhali ƙasa na da sauran rai. Wadda ta wuntsila rufinta ya murƙushe ita ce ta fi dacewa, muddin shasinta bai karkace ba.

A nan ya kamata in bayyana wani abu da kan rikita magana. Idan aka yanke bayan 80 aka mai da ita a-kori-kura, ko aka sauke bodinta aka ɗora kan 75, wato ɗakin direbanta, a kan shasinta, wace ce motar yanka, wace ce motar da ake ginawa? A wurin mai kallo, kai shi ne mota. A wurin injiniya da wurin hukuma, shasi ne mota, domin shi ke ɗauke da lamba, shi ke ɗauke da nauyi. Saboda haka a irin wannan aiki kai ne baƙo, kuma shi ya kamata a gyara ya bi shasi. Na sha ganin akasin haka, a yanke ƙarfen shasi domin kai ya zauna daidai. Wannan garin neman gira ne a rasa ido.

Wata hanya da ta shahara ita ce a ɗauki Hilux ta bayan 1997, wadda ƙafafunta na gaba kowacce ke cin gashin kanta, a cire su a sa miƙaƙƙen aksil na tsohuwar Hilux irin LN106. Aiki ne mai yiwuwa, a Amurka da Ostareliya ma an daɗe ana yinsa, amma yana buƙatar sabon mazaunin sifirin da sabon tsarin sitiyari gaba ɗaya. A ganina, ga mai neman motar aiki, gara ya nemi shasin da aka haifa da miƙaƙƙen aksil.

Haƙoran aksil da girman taya

Wannan shi ne sashen da zan fi daɗewa a kai, domin a nan ne kuskure ke ɓuya har sai ya yi ɓarna.

A cikin tulun kowane aksil akwai babban faifai mai haƙora da kanikawa ke kira kiraun, da ƙaramin da ke juya shi, finiyon. Idan kiraun na da haƙori 41, finiyon na da 10, to farfela za ta juya sau 4.10 kafin taya ta juya sau ɗaya. Toyota ta yi amfani da lissafi daban-daban a motocinta: 41 da 10 ya ba da 4.10, 43 da 10 ya ba da 4.30, 41 da 9 ya ba da 4.56, 39 da 8 ya ba da 4.88. Daga waje tulun duk kamanninsu ɗaya. Mai shago ba lallai ya san wanne ke ciki ba, kuma ko ya sani, ciniki yake so.

A mota mai ja da ƙafa huɗu, dole lissafin gaba da na baya su zama ɗaya. A ce an sa 4.10 a gaba, 4.30 a baya. Da zarar an sa ogzilari an kulle gaba da baya, tayoyin gaba za su nemi yin gudun da ya fi na baya da kusan kashi 5 cikin ɗari. A kowace mita 100, gaba na son wuce baya da kusan mita 5. A cikin rairayi taya za ta ɗan zame, bambancin ya tafi a ƙasa, direba ba zai ji komai ba sai yawan shan mai. Ranar da ya hau busasshiyar hanya mai tauri bai cire ogzilari ba, bambancin ba shi da wurin zuwa sai cikin ƙarfe. Sitiyari zai yi nauyi, giyar ogzilari ta ƙi fita, daga nan sai wani abu ya karye, ko kuros, ko gwiwar aksil ɗin gaba, ko haƙoran akwatin ogzilari.

Gwajin ba ya cin ko sisi. Na ga wani dattijon bakanike yana yinsa a bakin shagon mai kaya, kafin a biya kuɗi. Ya sa aka ɗaga ƙafa ɗaya a kan jak, ɗayar tana ƙasa. Ya ɗauki alli ya ja layi a jikin taya, ya ja wani a bakin da farfela ke ɗaurewa. Ya ce wa yaronsa ya juya taya a hankali sau biyu cif, shi kuma ya tsuguna yana ƙirga juyin ɗaya layin da yatsa. Layin ya zagayo sau huɗu, ya ɗan gota kaɗan. Ya ce a sake, a yi juyi ashirin domin gotawar ta fito sosai. Aka samu 43. Ya miƙe ya karkaɗe gwiwarsa ya ce wa mai motar, "Alhaji, wannan ba matar naka ba ce, naka arba'in da ɗaya ne." Dalilin juyi biyu shi ne idan ƙafa ɗaya na tsaye, kayan cikin tulu na ninka gudun ɗayar. In an buɗe tulun kuwa, ƙirga haƙora ya fi komai tabbas.

Girman taya ma cikin wannan lissafi yake, ko da yake masu mota sun fi ɗaukarsa a matsayin ado. Tayar 205R16 da tsofaffin Hilux ke zuwa da ita tsayinta kusan milimita 734 ne. Tayar 285/75R16 da matasa ke sha'awa kusan 834 ce. Ƙarin ya kai kashi 13 da ɗoriya cikin ɗari. Ma'anarsa, ƙarfin da ke isa ƙasa ya ragu da kimanin wannan adadi a kowace giya, birki na aiki da dogon hannu a kansa, allon gudu kuma yana nuna 100 alhali mota na kusan 114. Injin 3L na Hilux, lita 2.8 mai ƙarfin doki kusan 90, ba shi da rarar da zai yi wannan kyauta. Maganin shi ne a sauya haƙora: 4.30 sau 834 a raba da 734 ya ba da kusan 4.88, kuma sa'a, akwai wannan lissafi a gidan Toyota. Amma sai an sauya gaba da baya tare, wato kuɗi biyu. Wanda ba zai iya ba, ya tsaya kan siririyar 7.50R16, wadda ake samu a kowane gari kuma kowane mai faci ya san ta. A rairayi ma, rage iska zuwa wajen bar 1 ko 1.2 ya fi faɗin taya amfani, domin tafin tayar tsawo yake ƙarawa. Direbobin Agadas da ke ratsa Tenere zuwa Dirku da kat-kat ɗinsu sun san wannan tun kafin a rubuta shi a takardar taro.

Inda nauyi ke zama

Tazarar da ke tsakanin aksil ɗin gaba da na baya a samfurin 80 milimita 2,850 ce. A samfurin 75 ta kai 2,980, a 79 kuwa 3,180. Toyota ba ta ƙara wa 79 wannan tsawo don ƙawa ba. A-kori-kura na buƙatar kayanta su zauna a kan aksil ɗin baya ko gabansa kaɗan.

Idan aka yanke 80 aka bar kujerun gaba kawai, akwatin kaya zai samu wuri mai kyau. Matsala na zuwa ne idan mai mota ya ce yana son ƙofa huɗu da kuma baya. A nan kusan duk akwatin zai koma bayan aksil, yana reto. Mu yi lissafi: a ɗora buhu biyar na masara, kilo 500, tsakiyar nauyinsu na santimita 60 a bayan aksil. Wannan zai ɗage kusan kilo 105 daga ƙafafun gaba, ya sauke kilo 605 a kan na baya. Ƙafafun gaba su ne masu sitiyari, su ne kuma masu yawancin birki. Ƙara durom biyu na ruwa a can ƙarshe, kowanne kilo 200, sai mota ta fara tafiya hanci sama. Kowane rami da ta faɗa, shasi na lanƙwasa a daidai bayan kai, kuma a nan ne yake tsagewa.

Masu wannan aiki a Ostareliya sukan ƙara wa shasi tsawo kafin su yi ƙofa huɗu. Ana iya yi a nan ma, amma ƙarin shasi ba aikin mai waldar ƙofar gida ba ne. Ba a yanka shi a miƙe daga sama zuwa ƙasa, a karkace ake yi domin ɗinkin ya yi tsawo nauyi ya bazu. Ƙarfen da za a ƙara ya zama mai kauri da siffa irin na asali, kuma mafi kyau a yanko shi daga shasin wata motar irinta. Bayan ɗinki a lulluɓe wurin da faranti mai bakin mashi, kada a yi mai kusurwa huɗu, domin tsaga daga kusurwa take farawa. Kafin a kunna wuta da bayan an kashe, a auna shasin a gicciye, daga kusurwar hagu ta gaba zuwa ta dama ta baya, sannan akasin haka. In awon biyu bai zo ɗaya ba, motar za ta riƙa tafiyar kaguwa tana cin taya har ƙarshen ranta. Sannan duk abin da ya bi tsawon shasi sai an ƙara shi: farfela, bututun birki, bututun mai, wayar birkin hannu, salansa.

Yanke bodi ma yana da nasa haƙƙi. Rufi da ginshiƙan baya su ne ke ɗaure bodin 80 wuri guda. In an cire su, sai an gina bango na gaske a bayan kujera, da ƙarfe mai zagaye kai wanda aka ɗaure da kyau, a kuma tabbatar mazaunin bel ɗin kujera bai koma jikin falle ɗaya na kwano ba. Sifirin ɗin baya an yi shi ne domin iyali da jakunkuna, sai a nemi mai tauri, da shokazoba daidai da shi.

Birki da sitiyari

Ƙa'idata a nan gajera ce: wanda ya ba da aksil shi zai ba da birki. Mastan da fedar birki ke turawa an auna faɗinta da girman fistin ɗin da ke ƙafafu. Ƙaramar masta a kan manyan ƙafafu, feda zai nutse har ƙasa. Babba a kan ƙanana, feda zai yi tauri mota ta ƙi tsayawa. Akwai kuma wani ɗan bawul a saman aksil ɗin baya mai sanda da ke auna yadda mota ta zauna, yana ƙara wa baya birki idan an yi lodi, yana ragewa idan babu kaya. Kanikawa da yawa na cire shi su jefar, wai yana hana birki ci. A-kori-kura ta fi kowace mota buƙatarsa, domin bayanta yau fayau, gobe tan guda. In an ɗaga mota ko an sauya sifirin, sai an sake saita sandarsa.

Game da sitiyari, Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, motocinmu sitiyarinsu na hagu. Amma rabin-mota da injinan da ke zuwa daga Japan, ko ta kasuwannin Sharja, da yawa na masu sitiyari a dama ne. Injin zai shiga, sai dai akwatin sitiyari da sandunansa da hannun da ke jikin gwiwar aksil ba za su juyu ba. Abin da ba na yafewa shi ne a yanke sandar sitiyari a yi mata walda, ko a gasa hannun gwiwa da wuta a lanƙwasa shi. Inji in ya mutu, mota tsayawa take. Sandar sitiyari in ta karye a gangaren Mambila, sai dai a yi salati.

Sai inji

Na bar shi a baya da gangan. Mai kuɗi kan shigo gareji da maganar inji a bakinsa, alhali zaɓin ba shi da wuya. Injin 1HZ, wanda ya fito a 1990, ƙarfinsa kusan doki 129 ne kacal daga lita 4.2, ba ya gudu, amma famfon mansa na ƙarfe ne zalla, babu kwamfuta. Waya ɗaya ke buɗe masa mai. Yana haƙuri da gas ɗin jarka fiye da sababbin injina, in dai ana sauya matata, ana kuma sauya bel ɗin taimin a kan kari, wajen kowace kilomita 100,000. Masu ɗaura masa turbo su ƙara mai su sani ba a gina fistin ɗinsa domin wannan zafi ba. Mai son turbo ya nemi 1HD-T.

Sababbin injina irin 1KD da 2KD na Hilux sun fi ƙarfi a kan kowace lita, sun fi tsimin mai, amma matsin man da ke bututunsu ya haura bar 1,000, ɗigon ruwa ko ƙura na iya kashe nozul. Kuma ba su zuwa su kaɗai. Sai da kwamfutarsu, da dukkan damin wayoyi, da fedar totur, da makulli da abin da ke karanta makullin, duka daga mota ɗaya. A nan ne tsince-tsince ke kai mutum ya baro. Na san aikin da ya shafe wata uku a wurin rewaya saboda an sayi inji a wani gari, kwamfuta a wani, su biyun kuma suka ƙi gaisawa. A kuma duba batir tun da wuri, domin wasu tsofaffin Land Cruiser masu gas an yi su da wuta 24, ba 12 ba.

Cusa 1HZ a cikin Hilux, wanda wasu ke mafarki, ban ga ribarsa ba. Silinda shida a jere ta fi ɗakin injin tsawo, lagireto zai rasa wuri, nauyi zai danne gaba, giyabos da aksil ɗin Hilux kuma ba da shi aka lissafa su ba. Kuɗin ya fi amfani a babban lagireto mai tsabta da matatar iska mai shaƙa daga sama, saboda ƙurar hunturu.

Takardu

Takardun mota na ɗauke da lambar shasi, lambar inji, launi da nau'in jiki. Aikin da muka bayyana na iya sauya uku daga cikin huɗun. Mai mota ya riƙe rasit da takardun kwastan na motar yanka kamar yadda ya riƙe na tasa, ya bincika lambobin a rajistar motoci ta 'yan sanda kafin ya biya, domin kasuwar yanka ita ce kuma inda motar sata ke ɓacewa. Ya je ofishin lasin da na jami'an VIO a gyara bayanan. Ya nisanci fentin da ya yi kama da na soja, akwai dokar da ta hana, kuma a-kori-kurar Toyota mai buɗaɗɗen baya ta riga ta yi suna a fagen daga tun yaƙin Chadi da Libiya na 1987, wanda har ake kira Yaƙin Toyota. Masu shingen bincike a Borno da Yobe ba sa kallonta kamar sauran motoci.

Abin da ya rage shi ne wanda zai duba aikin kansa. Ostareliya na da kundin ƙa'ida na gyaran ƙananan motoci, VSB 14, kuma babban gyara sai injiniyan da hukuma ta amince da shi ya sa hannu. A da, Birtaniya ta daɗe tana amfani da tsarin maki: shasi na asali maki 5, sifirin 2, aksil 2, giya 2, sitiyari 2, inji 1, kuma sai mota ta haɗa 8, ciki har da biyar na shasi, kafin ta riƙe tsohuwar lambarta. A lura da inda suka ajiye inji. Mu a nan muna da hukumar NADDC mai kula da ƙira da bunƙasa motoci, muna da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC tun 1988, muna da ƙungiyar kanikawa ta NATA, muna da sassan injiniyan motoci a kwalejojin fasaha na Kaduna da Kano. Shawarata ita ce waɗannan su zauna su fitar da takarda mai shafi ɗaya, da Hausa da Turanci, wadda bakanike zai cike injiniya ya duba: awon shasi a gicciye, lissafin haƙoran gaba da baya, hoton kowane ɗinki kafin a shafa fenti, nauyin kowane aksil a kan sikeli da kaya da babu kaya, da tazarar tsayawa daga gudun kilomita 50 a busasshiyar hanya. Kayan aikin da wannan ke buƙata tef ne, da alli, da wayar hannu, da sikelin manyan motoci irin wanda ke kamfanonin auduga da na shinkafa.